Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Majinyatan da Ke Horar da Karen Taimako da Kansu



Wannan wasiƙa taku ce, 'yan'uwa mazauna Amurka da Birtaniya waɗanda Allah ya jarraba da ciwon da ake zama da shi har abin da hali ya yi: sikila, ko suga, ko farfaɗiya, ko ciwon gaɓɓai, ko jirin nan da ke kayar da mutum da zarar ya miƙe tsaye, kuma kuka ɗauri aniyar horar da kare da hannunku don ya zame muku mataimaki. Na san abin da ya kai ku ga haka. Ƙungiyoyin da ke bayar da horarren kare layinsu dogo ne, a jira shekara biyu ba abin mamaki ba ne. Masu sayarwa kuma dubban daloli suke kira. Sannan da yawa an kafa su ne domin makafi da kurame da masu keken guragu, ciwon da ba ya nunawa a fuska ba ya cikin lissafinsu. Dole mutum ya ce bari ya gwada da kansa.

Sana'ar da kuka shiga ba ta jiya ba ce. A 1916, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka buɗe makarantar karnukan jagora a garin Oldenburg na Jamus saboda sojojin da suka makance a fagen daga. A 1929 Dorothy Eustis da Morris Frank suka kafa The Seeing Eye a Amurka. A 1975 Bonnie Bergin ta kafa Canine Companions a Kalifoniya, ta nuna cewa kare na iya yi wa mai keken guragu aiki kamar yadda yake yi wa makaho. Abu ɗaya ya haɗa waɗannan makarantu: mai horarwa lafiyayye ne, ya karya kumallo ya fito aiki, ya tashi da yamma, mai larura kuwa sai an gama komai ake miƙa masa igiya. Ku kuwa ku ne malamin, ku ne majinyacin. Littattafai da bidiyoyin da za ku koya daga ciki, yawancinsu masu ƙoshin lafiya suka yi su, da masu ƙoshin lafiya a ransu. Duk wanda ya ɗauki jadawalinsu ya ɗora wa jikinsa, kafin wata ya ƙare zai kwanta, karen kuma ya tashi ba tarbiyya.

Saboda haka shawarata kaf a kan magana ɗaya take: ku auna komai da ranar da jiki ya ƙi. Irin karen da za ku zaɓa, tsawon darasi, abin da za ku fara koya masa, wanda zai riƙe muku shi, duk ku tambayi kanku ko za su yiwu a ranar da ko banɗaki da ƙyar kuke kaiwa. Don wannan ranar kuke neman karen tun farko.

Mu fara da zaɓe, don a nan ake yawan yin asarar shekaru. Ba banza ba manyan makarantu suka fi dogara da Labrador da Golden Retriever, wani lokaci da babban Poodle. Suna son abinci, suna son ɗauko abu da baki, ba su cika zargin baƙo ba, kuma idan uban gidansu ya rikice ba sa rikicewa tare da shi. Karnukan kiwon tumaki da na 'yan sanda, irin su Border Collie da Malinois, kaifin basirarsu na burge mutum a bidiyo, amma kullum sai an ba su aikin da zai gajiyar da su, in ba haka ba su nemi nasu aikin a jikin kujera da takalma. Mai ciwon gajiya bai da wannan ƙarfin. Ku nemi mai kiwon da zai nuna muku takardun gwajin ƙugu da gwiwar hannu da ido na uwa da uba, ku ga uwar da idonku, ku lura da yadda take karɓar baƙo. Kuma ku tafi da gogaggen mai horarwa, wanda kyan fuskar kwikwiyo ba zai ruɗe shi ba.

Ku yi dogon tunani kafin ku ɗauki kwikwiyo ɗan mako takwas. Zai tashe ku cikin dare don fitsari, mai farfaɗiya kuwa ya san abin da rashin barci ke jawo masa. Haƙoransa kamar allura suke, ga mai shan maganin tsinka jini ko mai fatar da ba ta saurin warkewa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Daga wata shida zuwa shekara ɗaya da rabi kuma zai shiga ƙuruciyar ganganci, ya manta abin da ya koya, ya fizgi igiya da ƙarfin da zai iya kayar da mai jiri. Amfanin kwikwiyo shi ne makonninsa na farko suna hannunku, domin daga mako uku zuwa wajen mako goma sha biyu ne yake yanke wa duniya hukunci, ko wurin aminci ce ko wurin tsoro. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Amma in kun san jiki ba zai ɗauki wannan shekarar ba, ku nemi matashin kare ɗan shekara ɗaya zuwa biyu wanda halinsa ya riga ya fito fili, ko ku biya wani amintacce ya rene shi watannin farko. Babu abin kunya a ciki, manyan makarantun ma a gidajen 'yan sa-kai ake rainon kwikwiyoyinsu.

Maganar lokaci kuma, ku kwantar da hankalinku. Ƙungiyar IAADP, ta masu amfani da karnukan taimako, ta sa mafi ƙarancin horo awa 120 cikin wata shida ko fiye, awa 30 daga ciki a wuraren jama'a. In kuna yin minti 15 a rana, kwana 480 ke nan, wajen shekara ɗaya da wata huɗu, kuma wannan ƙasan ma'auni ne. A aikace shekara biyu ake lissafawa, mai jinya ya ƙara wa kansa ta uku ba tare da ya ga ya gaza ba. Akwai ma abin da zai faranta muku rai. A 2011 masu bincike a Kopanhagen ta Denmark suka raba karnuka 44 gida-gida, suka gano cewa waɗanda ake koya wa sau ɗaya ko biyu a mako sun fi kama darasi a kan waɗanda ake koya wa kullum, kuma gajeren zama guda ya fi zama uku a jere. Ƙwaƙwalwar kare tana buƙatar hutu da barci kafin darasi ya zauna. Kwanakin da ciwo ya hana ku aiki ba duka suka tafi a banza ba.

Ku yanka darasi ƙanana, minti biyu zuwa uku, ku tsaya tun kare yana marmari, ku ma da sauran numfashi. Ku auna abincinsa na yini tun da safe, ku raba cikin 'yan gwangwanaye: ɗaya a gefen gado, ɗaya kusa da kujera, ɗaya a kicin. Ta haka ko'ina kuka yada zango aji ne. Ku zaɓi kalma guda da za ta riƙa shaida masa cewa ya yi daidai a daidai lokacin da ya yi, tukwici ya biyo baya nan take. "Yawwa" ta isa, kuma ta fi 'yar na'ura mai ƙara da masu horarwa ke dannawa sauƙi ga wanda yatsunsa ke ciwo. Ku bar duka da tsawa da abin wuya mai lantarki. Ban da cewa ƙungiyar likitocin halayyar dabbobi ta Amurka ta fito a 2021 ta ce horo da tukwici shi ne abin bi, ku duba lamarin ta fuskarku: karen da ya saba jin tsoronku idan fuskarku ta canza, ranar da ciwo ya murɗe fuskar zai ja da baya, alhali lokacin kuke so ya matso.

Ga wani sirri da masu lafiya ba su cika damuwa da shi ba. Kare ba ya ɗaukar darasi daga wani yanayi ya kai wani da kansa. Wanda ya koyi "kawo" kuna tsaye, muryarku garau, zai iya tsayawa yana kallonku in kun faɗa kuna kwance a ƙasan banɗaki da muryar da ba ta fita. Don haka kowane umarni ku koyar da shi a tsaye, a zaune, a kwance, cikin duhu, da raɗa, sannan da alamar hannu kaɗai. Aikin da ya fi muhimmanci kuma ku ɗaura shi a kan alamar ciwon kanta. Idan faɗuwa kuke yi, ku riƙa kwaikwayon faɗuwar a kan katifa har ta zama ita ce umarnin da ke tura shi ya danna maɓallin kiran agaji ko ya je ya taso wani a gidan. Koyar da shi da Hausa na da riba, don baƙo a kanti ba zai iya ba shi umarni ba. Sai dai ku rubuta kalmomin da ma'anarsu ku liƙa a jikin firji saboda wanda zai riƙe shi in kuna asibiti.

Kafin duk wani aikin burgewa, ku koya masa kwanciya shiru a kan tabarmarsa. Mafi yawan rayuwar karen taimako jira ne: a ƙarƙashin tebur, a ɗakin jiran likita, a gefen gado. Bayan wannan sai ɗauko abu, wanda shi ne uwar ayyuka ga mai jinya. Daga shi ake samun kawo waya, da gorar ruwa, da bargo, da makullin da ya faɗi, da jan ƙofa da igiya. Mai sikila ya san darajar ruwa da ɗumi a farkon tashin ciwo, mai jiri ya san abin da sunkuyawa ke ja masa. Magani kuwa kada kare ya taɓa ɗaukar kwalbarsa tsirara, ku sa shi cikin jaka mai zik, ku koya masa ɗauko jakar. Ibuprofen da farasitamol da muke sha kamar gyaɗa suna iya kashe kare. Haka albasa da inabi da cakulan guba ne gare shi, saboda haka tsire da kilishi ba na tukwici ba ne.

Masu son ya riƙa tallafa musu wajen tafiya, ku jira. Ƙasusuwan babban kare ba sa gama ƙwari sai ya haura shekara, kuma hukumar OFA da ke tantance ƙugun karnuka a Amurka ba ta bayar da shaidar ƙarshe sai ya cika wata 24. Kada a ɗora masa nauyi kafin nan, kuma sai likitan dabbobi ya ɗauki hoton ƙashi ya amince. Ko bayan haka, dafa bayansa don miƙewa na cin gaɓɓansa a hankali. Abin da sanda ko keke zai yi, a bar wa sanda da keke.

Sai batun da ya fi jan hankalin mutane, wato kare ya sansano ciwo kafin ya zo. A nan ina roƙonku ku riƙe gaskiya da hannu biyu. Hancin kare abin mamaki ne, kuma a 2019 masu bincike na jami'ar Rennes ta Faransa sun nuna cewa karnuka biyar da aka horar sun iya bambance warin jikin mutum a lokacin farfaɗiya da warinsa a sauran lokuta. Amma gane warin abin da ya riga ya faru daban, yin gargaɗi kafin ya faru daban. Aikin da za ku iya dogara da koyar da shi shi ne abin da kare zai yi bayan ciwon ya kama. Game da suga, wani bincike a jihar Oregon da aka buga a 2017 ya gano karnukan sun yi gargaɗi a kan lokaci a kashi 36 cikin ɗari na faɗuwar suga, kuma cikin duk gargaɗin da suka yi, kashi 12 ne kawai ya dace da faɗuwar gaske. Na'urar auna suga ta liƙe-a-jiki ta riga su a mafi yawan lokuta. Wani binciken na jami'ar Biristol a 2019, a kan karnuka 27 da ƙungiyar Medical Detection Dogs ta horar, ya samu tsaka-tsakin kashi 83 na gano faɗuwar suga, tare da tazara mai yawa tsakanin kare da kare. Abin da wannan ke nufi shi ne ingancin horo da riƙon gida su ke yanke hukunci.

In za ku yi aikin wari, ku ɗauki yawu a auduga lokacin da suga ya sauka ƙasa da 70 a ma'aunin Amurka da kansa, ku rufe a kwalba ku sa a firiza. Kada wani ya kuskura ya saukar da sugansa da gangan don samun abin horo. Ku sa wani ya riƙa ɓoye kwalaben ba tare da kun san wacce ce wacce ba, don kare gwani ne wajen karanta fuskar ubangidansa, zai iya koyon kallon idonku a maimakon bin hancinsa. Ku buɗe littafi: duk gargaɗin da ya yi ku auna ku rubuta, duk faɗuwar da ta wuce shi ita ma ku rubuta. Ƙauna tana sa mutum ya tuna ranar da kare ya cece shi ya manta ranakun da ya yi barcinsa. Kada ku ajiye na'ura ko magani don kun samu kare.

Ku san doka da kyau, don za a tare ku a ƙofa. A Amurka, dokar ADA ta 1990, bisa ƙa'idojin da suka fara aiki a Maris na 2011, ta ce karen taimako shi ne wanda aka horar ya yi wa mai larura wani takamaiman aiki. Ta yarda mutum ya horar da shi da kansa. Ba ta neman takardar shaida ko riga ko kati, saboda haka masu sayar da rajista a intanet kuɗinku kawai suke ci. Tambaya biyu aka yarda mai kanti ya yi: shin wannan karen taimako ne saboda larura, kuma wane aiki aka koya masa. Ba shi da ikon tambayar ciwonku. Amma yana da ikon cewa a fitar da kare in ya gagari mai shi ko ya yi bahaya a ciki. Karen da zamansa kawai ke sanyaya zuciya ba ya cikin wannan doka, haka wanda bai gama horo ba, shi sai ku duba dokar jiharku. A Birtaniya dokar daidaito ta 2010 ce madogara, kuma can ma ana amincewa da karen da mai shi ya horar. Kada ku yi gaggawar shiga da shi cikin jama'a. Ku fara da minti biyar a bakin kanti lokacin da ba cunkoso, ku dawo gida da nasara. Kare ɗaya da ya yi haushi a gidan abinci yana rufe wa makaho goma ƙofa.

Lafiyarku ma tana da haƙƙi. Mai sikila saifarsa kan daina aiki tun ƙuruciya, kuma akwai ƙwayar cuta mai suna Capnocytophaga a bakin karnuka masu lafiya wadda ke yi wa marasa saifa mummunan kamu. Kada ku bari ya lashi miki ko gyambon ƙafa, cizo komai ƙanƙantarsa kuma a kai wa likita a ranar. Ku guji ciyar da shi ɗanyen nama, saboda salmonela, wadda aka san ta da shiga ƙashin masu sikila. Masu shan maganin da ke rage garkuwar jiki, ku sanar da likitanku tun kafin kare ya shigo gida.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kafin kare ya kwana a gidanku, ku samu mutum biyu da suka yi alkawarin karɓarsa in an kwantar da ku, ko da tsakar dare ne. Ku haɗa jaka da abincin kwana uku, da igiya, da katin rigakafi, da lambar likitansa, ku rataye a bakin ƙofa. Asibitocin Amurka na barin karen taimako a ɗakin majinyaci, amma ma'aikata ba aikinsu ba ne su fita da shi ko su ciyar da shi. A ranakun kwanciya a gida kuma ku tanadi abin da zai gajiyar da shi kuna kan gado: a watsa abincinsa cikin tsumma ya nema da hanci, a cusa wani cikin abin wasan roba a daskarar, a ɓoye safa ya nemo. Ku sa kuɗin mai fita da shi yawo cikin kasafi tare da kuɗin magani, don wannan buƙatarsa ce ko kuna da lafiya ko babu.

Na san wasunku na ɓoye maganar karen ga iyaye a gida. Ku fito da ita da ilimi. A mazhabar Malikiyya da muka tashi a kai, kare mai rai ba najasa ba ne, har yawunsa, wanke ƙwaryar da ya sha sau bakwai kuma bin umarni ne. Shafi'iyya da Hambaliyya sun saɓa, kuma su za ku tarar a masallatai da yawa na Turai da Amurka, sai a girmama juna. Aya ta 4 ta Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarriyar dabbar farauta ta kamo, hadisi ya yi rangwame ga karen farauta da kiwo da gona, malamai kuma sun yi ƙiyasin sauran buƙatu na gaske a kansu. A 2008 wani masallaci a Lesta ta Ingila ya keɓe wa karen wani matashi makaho wuri a mashiga bayan an samu fatawa. Ku zauna da malaminku, ku ware wurin salla da kare ba ya hawa. Masu niyyar zuwa gida da shi kuma su sani, tun 1 ga Agustan 2024 hukumar CDC ta tsaurara shigo da kare Amurka daga ƙasashen da ciwon haukan kare ya yi yawa, Najeriya da Nijar da Gana duk suna ciki, kuma takardun tun kafin a fita ake cika su.

Na bar mafi ɗaci a ƙarshe. Ko a manyan makarantu, da irin da suka zaɓa da ƙwararrun da suka tara, kusan rabin karnuka ba sa kammalawa. Naku ma zai iya zama cikinsu. In ya kai shekara biyu yana maƙale wutsiya a cikin jama'a, yana ƙin abinci a waje, yana gurnani ga yara ko wasu karnuka, ko ƙugunsa ya nuna matsala, to ya faɗa muku amsarsa. Ku yanke shawara tun yau, kafin ƙauna ta shiga tsakani, ko za ku iya riƙe shi a matsayin karen gida ko wa za ku ba. Wanda ya yi nasara ma yana da wa'adi, wajen shekara goma da haihuwa ya kamata ya huta, kuma kula da tsufansa na kanku.

Roƙona gare ku shi ne kada ku ɗauko kwikwiyo sai kun rubuta abu uku a takarda: ayyukan da kuke so ya yi, sunayen masu riƙe muku shi, da abin da za ku yi in bai dace da aikin ba. Dabba ce mai rai, amana ce, kuma za a tambaye mu a kanta. Allah ya ba mu lafiya mai amfani, ya sa ciwon ya zama kaffara.

Wassalam.

Naku,
Ɗan'uwanku a jinya da horo.